An kawo mana mai bayar da ƙoda, an ce mu kira shi ɗan'uwa: me doka da addini suka ce?

Baban Walida:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban tanka ba, amma yau lalura ta sa dole in nemi shawararku. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya fi shekara ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, ko da yake likita ya ce sau uku ya kamata, aljihu ne bai kai ba. An ce mana mafita ita ce dashe. An gwada ni, rukunin jinina bai dace da nasa ba, ƙanwarmu kuma tana da hawan jini, don haka likita bai ma bari an ci gaba da gwada ta ba.

Ranar Talata ina zaune a kan benci a bakin ɗakin wankin, riƙe da takalman yayana da flas ɗin kununsa, sai wani mutum cikin shadda mai tsabta ya zauna kusa da ni, ya yi mini sannu da jinya, ya kira sunan mara lafiyar da unguwarmu kamar wanda ya san mu tun tuni. Bayan 'yar hira ya ce yana da samari lafiyayyu waɗanda za su iya taimakawa, kuma abin da ake bukata daga gare mu shi ne kuɗi da takardar rantsuwa ta kotu wadda za ta nuna cewa yaron ɗan ƙanin mahaifinmu ne. Ban amsa ba, amma ban kore shi ba, kuma wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Ina so masana shari'a da malamai da likitocin da ke nan su gaya mini gaskiya: idan yaron ya yarda da bakinsa, kuma ya karɓi abin da ya gamsar da shi, laifin me muka yi?

Barista Uwani:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yayanka lafiya, ya saka maka da alherin jinya. Amsar a fili take: abin da mutumin ya kawo maka laifi ne, kuma ba shi kaɗai laifin zai kama ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta ware wani ɓangare a kan jini da sassan jikin ɗan'adam. Sashe na 48 ya hana cire wani abu daga jikin mai rai sai da yardarsa bayan an yi masa cikakken bayani, ya kuma hana a cire wa wanda bai kai shekara 18 ba sashen da jiki ba ya mayar da irinsa, kamar ƙoda. Sashe na 53 ya haramta wa mai bayarwa karɓar lada, in ban da mayar masa da abin da ya kashe wajen bayarwar, kamar kuɗin mota da na gwaje-gwaje. Bayan wannan akwai dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, kuma a cikinta wanda ya yi amfani da yaudara ko talaucin wani ya kai shi a cire masa sashen jiki yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba. Takardar rantsuwar da ya ce ka yi kuwa rantsuwa ce a kan ƙarya a gaban kotu, kuma sa hannunka ne zai kasance a kai, ba nasa ba.

Alhaji Na-Gashuwa:
Barista, da girmamawa, doka a takarda daban, abin da ke faruwa a ƙasa daban. Mu mutanen Gashuwa babu gidan da bai san ciwon ƙoda ba. Ni kaina na binne mutum uku a danginmu, kuma a cikinsu babu wanda ya rasu don an rasa ilimin yi masa dashe. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, na Maiduguri ma ya yi. Abin da ake rasawa shi ne kuɗi da mai bayarwa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Me ya sa ba za mu yi abin da Iran ta yi tun 1988 ba? A can an halatta a biya mai bayar da ƙoda, ta hannun ƙungiyar masu ciwon ƙoda, gwamnati na sane, kuma ba a yarda baƙo daga waje ya zo ya sayi ƙodar ɗan ƙasa ba. Tunda cinikin yana gudana a bayan fage ko mun so ko mun ƙi, ai gara a fito da shi fili a kori dillali daga tsakiya, yaron ya karɓi haƙƙinsa cikakke.

Dakta Maigari:
Alhaji, na fahimci zafin da ya sa ka faɗi haka, kuma ba zan ce maganarka wofi ba ce, domin akwai likitoci da masana tattalin arziki a duniya da suke da wannan ra'ayi. Amma bari in gaya maka abin da ke faruwa da mai sayarwa bayan an ɗinke shi. Indiya ta haramta cinikin a 1994, kuma wani bincike da aka wallafa a 2002 ya bi sawun mutum 305 da suka sayar da ƙodarsu a birnin Chennai. Kusan dukkansu bashi ne ya kai su, amma bayan shekaru kashi uku cikin huɗu na nan cikin bashi, mafi yawansu kuma sun ce lafiyarsu ta ja baya. A Iran ma talaka mai bashi ne ke zuwa sayarwa, ba a ganin attajiri a wannan layi.

Akwai kuma wani abu da mu likitoci muke tsoro. Mai bayarwa don Allah yana gaya mana gaskiya: mahaifinsa ya yi ciwon suga, shi kansa yana shan maganin gargajiya kaza, ya taɓa yin fitsarin jini yana yaro. Mai sayarwa kuwa ɓoyewa yake yi, domin ya san idan ya faɗa cinikin ya rushe. Mutum zai iya rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, wannan gaskiya ne, amma sai idan an tantance shi sosai kafin aikin, kuma ya ci gaba da zuwa ana duba hawan jininsa da fitsarinsa duk shekara. Yaron da dillali ya kawo daga tasha, wanda za a sallama da 'yan kuɗi a leda, wa zai duba shi bayan shekara biyar? Idan ɗayar ta gaza, shi da ba ya iya biyan wanki ko sau ɗaya, ina zai nufa?

Malam Habibu Zage:
Allah ya ba mara lafiya sauƙi, ya sa kaffara ce. Ta fuskar shari'ar Musulunci, malamai na wannan zamani sun yi bahasi mai tsawo a kan mas'alar, kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai waɗanda suka hana dashe baki ɗaya, irin su Shaikh Sha'arawi na Masar, bisa hujjar cewa jiki amana ne a hannun mutum, ba mallakarsa ba ne, kuma ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba. Amma mafi yawa sun halatta da sharuɗɗa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta yarda a ɗauki sashen jiki daga mai rai muddin ba wanda rayuwarsa ta dogara a kai ba ne, kamar zuciya, ta kuma yarda a ɗauka daga mamaci idan ya bayar da izini kafin rasuwarsa ko magadansa suka bayar. Sai dai ta ce duk wannan yana bisa sharaɗin kada a yi ta hanyar sayarwa, domin Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adamu, abin da aka karrama kuwa ba a kai shi kasuwa.

Don amanar ilimi zan ƙara da cewa majalisar ta bar wata ƙofa ga ijtihadi, wato idan wanda ya amfana ya kashe dukiya saboda lalura ko ya yi kyauta don girmama wanda ya taimake shi. To amma abin da Baban Walida ya siffanta bai shiga wannan ƙofa ba, domin an yanka farashi tun farko, ga dillali mai cin la'ada, ga kuma rantsuwa a kan nasabar ƙarya, wadda ita kaɗai babban zunubi ce.

Alhaji Na-Gashuwa:
Allah ya gafarta Malam, ina iyakar kyauta da ciniki? Idan ɗan ƙanina na gaskiya ya ba ni ƙodarsa, bayan wata shida na saya masa Keke Napep, wa zai ce na yi laifi? Idan kuma ya san tun farko cewa zan saya masa, me ya raba shi da yaron dillali?

Malam Habibu Zage:
Alhaji, tambayarka tana da ƙarfi. Malamai suna cewa abin da aka saba da shi a al'ada daidai yake da abin da aka shardanta da baki, saboda haka idan ya bayar ne don ya san keken na tafe, to an kusanci ciniki ko da ba a furta ba. Amma wannan abu ne na zuciya, alƙali ba ya ganinsa, shi ya sa ake bukatar hukuma ta sa wanda zai zauna da mai bayarwa ya bincike shi.

Maman Ihsan:
Ina so in sa baki a nan, domin ni na bayar da ƙoda, ga tabon nan a gefen cikina shekara shida ke nan. Ƙanena na ba, kuma ban yi nadama ba, yana nan da ransa har ya yi aure. Amma ina so maza su san cewa ba kuɗi kaɗai ke tilasta mutum ba. Ranar da sakamakon gwaji ya fito aka ce ni ce na dace, a tsakar gida aka faɗa, gaban mahaifiyarmu da gwaggonnina, nan take aka fara sa mini albarka ana kuka. Babu wanda ya tambaye ni ko na yarda. A asibiti kuma, lokacin da aka kawo takardar sa hannu, mijina na tsaye a dama, babban yayanmu na hagu, takardar da Turanci, ma'aikaciyar jinya ta nuna mini layin da yatsa. Da a ce ina jin tsoro ina so in fasa, ta ina zan fara? Ku duba a asibitocinmu ku ga su wa suka fi bayarwa a cikin dangi: uwa, 'yar'uwa, matar aure, ko yaron gida da ake riƙo wanda ba ya iya ɗaga ido ya kalli maigida. Duk waɗannan za su ce sun yarda, kuma ba a biya su ko kwabo ba.

Ɗan Birnin Leeds:
Abin da Maman Ihsan ta faɗa shi ne ainihin abin da tsarin Birtaniya ya yi ƙoƙarin toshewa. A nan, kafin a cire wa mai rai ƙoda, sai wani jami'i mai zaman kansa, wanda ba ya cikin likitocin da za su yi aikin, ya gana da mai bayarwa shi kaɗai, ya gana da mai karɓa shi kaɗai, sannan ya haɗa su, ya rubuta rahoto zuwa ga hukumar kula da sassan jikin ɗan'adam, ita ce za ta ce a yi ko kada a yi. Idan ana bukatar tafinta, ba a yarda ya zama ɗan gidan ba.

Kowa a wannan zaure ya san shari'ar Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa. An kawo wani saurayi ɗan shekara 21 mai talla a titunan Legas zuwa Landan a 2022, aka gabatar da shi a asibitin Royal Free a matsayin ɗan'uwan 'yar sanatan. Likita ya lura yaron bai fahimci abin da ake shirin yi masa ba, aka ƙi yin aikin. Daga baya yaron ya kai kansa ofishin 'yan sanda. A watan Mayun 2023 kotun Old Bailey ta yanke wa sanatan shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da rabi, likitan da ya shiga tsakani shekara 10. Ku lura cewa kalmar da aka yi amfani da ita can ita ce wadda aka kawo wa Baban Walida, wato ɗan'uwa.

Su ma Turawan ba da wayo suka fara ba, abin kunya ne ya koya musu. A asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool an gano cewa tsakanin 1988 da 1995 an riƙa cire sassan jikin yaran da suka rasu ana ajiyewa a kwalabe ba tare da sanin iyayensu ba. Rahoton binciken ya fito a 2001, wasu iyayen sai da suka sake jana'iza karo na biyu, wasu har na uku, yayin da ake dawo musu da sassan 'ya'yansu kaɗan-kaɗan. Daga nan aka yi dokar 2004, wadda ta sa ajiye ko da ɗan yanki na jikin mamaci don bincike sai da izini da lasisi.

Barista Uwani:
A nan ne gizo ke saƙar. Dokarmu ta ce sai da yarda, amma ta bar tantance yardar a hannun asibitin da zai karɓi kuɗin aikin, domin abin da sashe na 51 ya nema shi ne asibitin ya kasance mai izini, kuma likitan da ke shugabantar ayyukan jinya ya amince a rubuce. Sannan tarar da sashe na 53 ya tanada naira 100,000 ce ko ɗaurin shekara ɗaya, wadda dillali zai biya daga aljihun gaban rigarsa. Sashe na 48 kuma ya ce ana iya tsallake neman yarda a yanayin gaggawa, abin da lauyoyi da dama suka yi ta kuka a kai tun lokacin da aka zartar da dokar, saboda lafazin ya yi faɗi. An ɗan motsa a baya-bayan nan: jihar Legas ta yi tata dokar a ƙarshen 2024, ma'aikatar lafiya ta tarayya kuma ta ƙaddamar da ƙa'idojin dashe a watan Maris na 2025. Amma a ra'ayina, muddin babu mutum mai zaman kansa da zai rufe ƙofa ya tambayi yaro da harshensa, sunan kakarku wa, a wane gari aka binne ta, me aka yi maka alkawari, to takardar rantsuwa za ta ci gaba da mayar da baƙo ɗan'uwa. Mu Hausawa ma da ɗan maƙwabci da ɗan abokin uba duk ɗan'uwa muke kira, kalmar ba ta tabbatar da komai.

Injiniya Tasi'u:
Ni abin da ban gane ba shi ne me ya sa duk nauyin yake kan masu rai. Kullum ana rasa rayuka a hanyar Kano zuwa Zariya da ta Kaduna zuwa Abuja, samari masu lafiya. Tunda Malam ya ce an halatta ɗauka daga mamaci, kuma Saudiyya tana da cibiya ta musamman da ke yin haka, me ya hana mu? A Ingila ma na ji tun 2020 ana ɗaukar kowa a matsayin ya yarda sai idan ya rubuta cewa bai yarda ba.

Dakta Maigari:
Injiniya, abin ya fi haka wuya. Gawar da aka kwaso daga bakin titi a bayan a-kori-kura ba a iya amfani da ƙodarta, domin da zarar jini ya daina zagayawa sassan ciki suna lalacewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Mafi yawan abin da ake ɗauka a ƙasashen waje daga mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta mutu ne alhali yana kan na'urar numfashi a sashen kulawa ta musamman. Bayan an cire, zuciya ba ta wuce awa 4 zuwa 6 a cikin sanyi, ƙoda kan kai kwana ɗaya ko ɗan fiye. A cikin wannan lokaci sai an yi gwajin dacewa, an duba jerin masu jira, an kira wanda ya cancanta, an kai masa. Wannan na bukatar gadaje, wutar da ba ta ɗaukewa, ɗakin gwaji mai aiki dare da rana, da jerin sunaye na ƙasa wanda babban mutum ba zai iya tsallakewa da kiran waya ba. Sifaniya, wadda ta fi kowa suna a wannan fanni, ta yi dokarta a 1979, amma abin bai bunƙasa ba sai bayan ta kafa hukumar dashe ta ƙasa a 1989 ta sa jami'ai a asibitoci masu zama da iyalan mamata. Abin da ya fi kusa da ƙarfinmu shi ne tantanin gaban ido, wanda ake iya cirewa cikin awanni bayan rasuwa a ajiye shi na kwanaki, ba tare da an hana wanka da sallah a kan lokaci ba.

Malam Habibu Zage:
Zan ƙara a kan maganar Dakta cewa mutuwar ƙwaƙwalwa ita ma akwai saɓani a kanta. Majalisar da na ambata ta amince da ita a zamanta na Amman a 1986, amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta ce ana iya cire na'ura, sai dai ba a hukunta mutum da mutuwa har sai zuciya da numfashi sun tsaya. Kuma tsarin da Injiniya ya kawo na ɗaukar shiru a matsayin yarda, ban ga yadda zai zauna a nan ba. Hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma jama'ar da har yau ke tsoron a kai gawarsu mutuware, idan suka ji cewa hukuma na iya ɗaukar wani abu ba tare da an tambaye su ba, marasa lafiyarsu ma za su daina kaiwa asibiti.

Alhaji Na-Gashuwa:
Na ji hujjojinku, kuma na janye maganar a buɗe kasuwa, amma ban janye cewa wanda ya bayar don Allah ya cancanci gwamnati ta ɗauki nauyin duba lafiyarsa har ƙarshen rayuwarsa ba. Maman Ihsan, a cikin shekara shidan nan wa ke biyan kuɗin gwajinki?

Maman Ihsan:
Ni ce, Alhaji, daga kuɗin ɗinki. Bara ban je ba, domin maganin da ƙanena ke sha kullum don kada jikinsa ya ƙi ƙodar ya yi tsada, duk abin da gida ya samu can yake tafiya.

Baban Walida:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mutumin ya kira ni sau huɗu tun jiya, a kira na ƙarshe har ya rage farashi, ya ce yaron yana matse da kuɗin haya. Na ce masa ya daina kirana, lambarsa kuma na ajiye kamar yadda Barista ta ba ni shawara ta bayan fage. Na karanta wa yayana abin da Maman Ihsan ta rubuta, domin babban ɗansa mai shekara 24 ya ce a gwada shi, kuma yayana ya ce ba za a yi ba sai an bar yaron ya ga likita shi kaɗai, kada kuma a faɗi sakamakon a gaban kowa. Dakta, idan gwajin ya nuna ya dace amma a cikin ɗaki ya ce yana jin tsoro, akwai yadda likita zai rufa masa asiri a wurin dangi?

Dakta Maigari:
Akwai. Abin da mai bayarwa ya gaya wa likita sirri ne tsakaninsu, kuma yana da ikon fasawa har zuwa lokacin da za a ba shi maganin barci. Abin da za a gaya wa dangi shi ne bai dace da bayarwa ba, ba tare da an faɗi dalili ba. Ka tabbata likitan da zai duba yaron ba shi ne ke kula da mahaifinsa ba, kuma ranar da za ku je, kai ma ka tsaya a waje.